Yadda Ake Shirya Gasar Kod Mafi Gajarta A Yaren Da Ke Da Alamomi Takwas Kacal

Yau ba sabuwar waya za mu duba ba, ba kuma manhajar tace hoto ba. Wani wasa ne na masu rubuta kod, wanda za ka iya bugawa da wayar da ke hannunka ko da ƙaramar Android ce, kuma ba ya cin data. Na taɓa shirya shi a zauren WhatsApp ɗinmu na masu koyon kodin, aka tashi da rigimar da ta kusa ɓata tsakanin abokai biyu, kuma laifin nawa ne. Shi ya sa na ga ya dace in zayyana yadda ake shirya shi, don wanda zai gwada kada ya afka ramin da na afka.

Ga yadda wasan yake. Ana ba kowa aiki iri ɗaya, misali a ce rubuta kod da zai fitar da wata kalma a fuskar waya. Wanda kod ɗinsa ya yi aikin daidai da mafi ƙarancin alamomi, shi ne ya ci. Ba a duba kyau, ba a duba sauri, ba a duba ko wani zai iya karantawa. Turawa suna kiran abin da sunan wasan golf, saboda a golf wanda ya zura ƙwallo a rami da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Sunan ya fara yawo ne wajajen 1999 a tsakanin masu amfani da yaren Perl, daga baya har aka ƙirƙiri yaruka musamman domin wannan wasa, irin su GolfScript wanda ya fito a 2007, da Pyth da Jelly. Ana iya yin gasar a Python ko JavaScript, amma ta fi armashi a cikin murɗaɗɗun yarukan nan da aka ƙirƙira ba don aiki ba, sai don wasa ƙwaƙwalwa.

Yaren da muka zaɓa

Murɗaɗɗun yaruka suna da yawa. Akwai INTERCAL da wasu ɗalibai biyu suka yi a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1972, wanda idan ba ka yawaita roƙonsa cikin ladabi a kod ɗinka ba zai ƙi aiki, idan kuma ka cika roƙon nan ma ya ƙi. Akwai Befunge na 1993, inda kod ke tafiya sama da ƙasa da hagu da dama. Akwai Whitespace na 2003 wanda da tazara da sabon layi ake rubuta shi, ka buɗe fayil ka ga fari fat. Duk suna da daɗi, amma ga mai shirya gasa a karon farko, wanda na fi ba da shawara shi ne Brainfuck. Sunan akwai ashar a cikinsa da Turanci, don haka na rubuta shi sau ɗaya ne saboda mai son bincike, daga nan BF zan riƙa cewa kamar yadda masu amfani da shi da yawa ke yi.

Wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Urban Müller ne ya ƙirƙire shi a 1993 a kan kwamfutar Amiga. Burinsa shi ne ya yi yaren da manhajar da ke juya shi zuwa yaren inji za ta zama ƙarama iya ƙanƙanta. Ya ga wani yare mai suna FALSE da tasa manhajar ke da bayit 1024, sai ya yi tasa a bayit 296, daga baya ya rage ta zuwa 240. Wato shi kansa yaren daga irin wannan wasa na rage tsawo aka haife shi.

Ka ɗauka akwai dogon layi na gurabe irin na dara, guda 30,000 a jere, kowane gurbi yana riƙe da lamba, kuma duk da sifili suke farawa. Yatsanka yana kan gurbi na farko. Alamomi takwas ne kawai:

`>` matsa da yatsa gurbi ɗaya dama
`<` matsa da yatsa gurbi ɗaya hagu
`+` ƙara ɗaya a gurbin da yatsa yake
`-` rage ɗaya
`.` fitar da harafin da lambar gurbin ke wakilta
`,` karɓi harafi ɗaya ka zuba lambarsa a gurbin
`[` idan gurbin sifili ne, tsallake zuwa bayan `]`
`]` idan gurbin ba sifili ba ne, koma `[`

Shi ke nan, ka gama koyon yaren. Duk wata alama da ba ta cikin takwas ɗin nan, BF ba ya ganinta. Abin mamakin shi ne, idan aka ba shi gurabe marasa iyaka, duk lissafin da Python zai iya yi shi ma zai iya, sai dai ka sha wuya. Dalilin da ya sa ya dace da gasa ke nan: wanda ya shekara biyar yana kodin da wanda ya fara jiya duk a minti goma za su haddace ƙa'idojin, abin da ya rage dabara ce.

Mu gwada da kalmar Sannu

A tsarin ASCII kowane harafi yana da lamba. Babban S shi ne 83, ƙaramin a 97, n 110, u kuma 117. Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna `+` sau 83 ka sa ɗigo, ka ƙara 14 ka sa ɗigo, ka ƙara 13 ka sa ɗigo biyu, ka ƙara 7 ka sa ɗigo. Jimilla alama 122. Yana aiki, amma na ƙarshe za ka zo.

Dabara ta farko ita ce ninkawa. Tara sau tara 81 ne, a ƙara biyu a sami 83:

`+++++++++[>+++++++++<-]>++.`

Gurbi na farko yana ƙirga zagaye, a kowane zagaye ana zuba tara a gurbi na biyu. Harafin S da ya ci alama 84 yanzu ya koma 27, kalmar gaba ɗaya ta sauko 65.

Dabara ta biyu ita ce wadda ta fi burge ni ranar da na fara ganinta. A yawancin manhajojin da ke gudanar da BF, gurbi ba ya wuce 255. Idan ka ƙara ɗaya a kan 255 sai ya koma sifili, kamar yadda mitar babur ke komawa sifili idan ta cika. Haka kuma idan ka rage ɗaya daga sifili sai ka sami 255. To duba wannan:

`-[--->+<]>--.`

Alama ɗaya tak ta ba mu 255. Muna rage uku-uku har ya ƙare, wato zagaye 85, kowane zagaye muna ajiye ɗaya a gurbin gaba. Mun sami 85, mu rage biyu, ga 83. Alama 13 kacal, kalmar ta koma 51.

Akwai sauran nama a jikin ƙashin. Daga 83 zuwa 97 muna biyan alama 15 har da ɗigo. Amma idan ka rage biyar sau 83 daga sifili, ka rage 415 ke nan, mitar za ta juya sau biyu, 512 a cire 415 saura 97 cif. Wato `[->-----<]>.` zai ba ka harafin a da alama 12. Kwana biyu na yi ina jagwalgwala lambobi a bayan littafi kafin in ci karo da wannan, kuma duk wahalar alama uku ta rage mini. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ɓata lokaci ne. Wanda ya taɓa yi ya san irin daɗin da ake ji.

Inda rigima take ɓuya

Yanzu ka lura da wani abu. Kod mai alama 65 zai yi aiki a ko'ina. Mai 51 da mai 48 kuwa sun dogara ne da cewa gurbi yana juyawa a 256. Müller bai bar wata cikakkiyar doka da ta fayyace komai ba, don haka kowa ya rubuta tafintansa, wato manhajar da ke karanta kod ɗin BF tana aiwatarwa, yadda ya ga dama. A wani tafintan gurbi yana kaiwa 65,535 kafin ya juya, a wani ya haura biliyan huɗu, a wani kuma ba ya juyawa sam, sai ya yi ta gangarawa ƙasa da sifili. A irin na ƙarshen nan, kod ɗinmu mai alama 13 ba zai taɓa tsayawa ba. Saboda haka kafin ka sanar da gasa, akwai tambayoyin da dole ka amsa a rubuce.

Ta farko ita ce wannan ta girman gurbi. Ni dai ina ba da shawarar 0 zuwa 255 mai juyawa, don a nan dabarun suke.

Ta biyu, me zai faru idan kod ya nemi harafi da `,` alhali rubutun da aka shigar ya ƙare? Hanyoyi uku ake bi: wasu su zuba sifili, wasu su zuba 255, wasu su bar gurbin yadda yake. Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Kod ɗin da ke maimaita duk abin da aka rubuta masa, idan sifili ake zubawa, `,[.,]` ne, alama biyar. Idan 255 ne sai ka rubuta `,+[-.,+]`, alama takwas. Idan ana barin gurbin yadda yake, `,[.[-],]`, shi ma takwas. Mutum biyu za su iya warware aiki ɗaya daidai, ɗaya ya fi ɗaya da alama uku, ba don ya fi shi basira ba sai don tafintan da ya yi gwaji da shi.

Ta uku ita ce ta kayar da ni. Shin yatsa zai iya matsawa hagu da gurbin farko? A gasarmu aikin shi ne a juya kalma, a shigar da "gida" a fitar da "adig". Na rubuta a ƙa'ida ɓaro-ɓaro cewa babu fita ta hagu. Amsar da ta bi ƙa'ida ita ce `>,[>,]<[.<]`, alama 11: ka bar gurbin farko a sifili don ya zama birki, ka karanta haruffa, sannan ka dawo da baya kana fitarwa. Sai wani ya turo `,[>,]<[.<]`, alama 10, ya cire alamar farko. Nasa yana dawowa har ya zarce gurbin farko ya faɗa hagu. Na saka shi a tafintan da na rubuta da Python, ya fitar da amsa daidai, na kafa sunansa a saman allo ba tare da na karanta kod ɗin ba.

Abin da na manta shi ne, a Python idan ka nemi abu na -1 a jeri, ba ya yi maka kuka, na ƙarshe yake miƙo maka. Gurbi na ƙarshe kuwa sifili ne, sai zagayen ya tsaya lafiya lau. Ranar da aka buɗe amsoshi, mai alama 11 ya ce shi ma ya ga wannan hanyar tun ranar farko, ya bar ta ne don ƙa'ida ta hana. Mai alama 10 ya ce shi alƙali ya karɓi tasa, kuma kwanaki sunansa na saman allo ba wanda ya ce uffan. Kowannensu yana da gaskiya. Kyautar data ce ba wani abin a zo a gani ba, amma maganar ta yi zafi har ɗaya ya fita daga zauren. Ƙarshenta daga aljihuna na sayi kyauta ta biyu, na bi shi na ba shi haƙuri.

Wannan tambayar ba a ƙananan gasa kaɗai take da nauyi ba. Gajeren kod ɗin BF da aka sani mai fitar da gaisuwar nan ta Hello, World! alama 72 ne, kuma yana buƙatar gurbi mai juyawa da kuma damar tafiya hagu. A ƙarƙashin ƙa'idar da na rubuta, da an kore shi.

Tafinta shi ne doka

Darasin da na ɗauka shi ne kada ka dogara da rubutacciyar ƙa'ida kaɗai. Ka rubuta tafinta ɗaya, ka raba wa kowa kafin a fara, ka kuma faɗa a fili cewa idan ƙa'idar da aka rubuta ta saɓa da abin da tafinta ya yi, na tafinta za a bi. Ga wanda nake amfani da shi yanzu, yana gudana a Pydroid 3 ko Termux a kan Android:

```
def tafinta(kod, shiga, iyaka=10_000_000):
    kod = [a for a in kod if a in "+-<>.,[]"]
    aboki, tari = {}, []
    for i, a in enumerate(kod):
        if a == "[":
            tari.append(i)
        elif a == "]":
            j = tari.pop()
            aboki[i], aboki[j] = j, i
    gurbi = [0] * 30000
    yatsa = i = karatu = taku = 0
    fita = bytearray()
    while i < len(kod):
        a = kod[i]
        if a == "+": gurbi[yatsa] = (gurbi[yatsa] + 1) % 256
        elif a == "-": gurbi[yatsa] = (gurbi[yatsa] - 1) % 256
        elif a == ">": yatsa += 1
        elif a == "<": yatsa -= 1
        elif a == ".": fita.append(gurbi[yatsa])
        elif a == ",":
            gurbi[yatsa] = shiga[karatu] if karatu < len(shiga) else 0
            karatu += 1
        elif a == "[" and gurbi[yatsa] == 0: i = aboki[i]
        elif a == "]" and gurbi[yatsa] != 0: i = aboki[i]
        if yatsa < 0: return "ya fita ta hagu"
        taku += 1
        if taku > iyaka: return "ya wuce iyaka"
        i += 1
    return bytes(fita)
```

Duk amsoshin tambayoyin nan uku suna ciki. `% 256` shi ne juyawar gurbi, `else 0` shi ne hukuncin ƙarewar rubutu, layin `yatsa < 0` kuma shi ne wanda rashinsa ya ci mini kuɗin data.

Ka lura da `iyaka`. Dole ne a sa ta, domin wani kod ɗin ba zai taɓa tsayawa ba, kuma tun 1936 Alan Turing ya tabbatar babu wata hanya guda da za ta iya tantance kowane kod ta ce wannan zai tsaya, wancan ba zai tsaya ba. Abin da kawai za ka iya shi ne ka ce duk wanda ya wuce taku kaza ya faɗi. Kuma da taku za ka ƙirga, ba da daƙiƙa ba. Idan ka ce daƙiƙa biyar, kod ɗin da ya wuce a sabuwar waya zai iya faɗuwa a tsohuwa, ka sake buɗe wata ƙofar gardama.

Zaɓen aiki

Aikin da ya cika sauƙi ba gasa ba ne. Idan ka ce a maimaita rubutu, kowa zai kawo alama biyar ɗin nan cikin minti uku, a yi kunnen doki a watse. Wanda ya cika wuya kuma, kamar a ce a jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, mutum biyu ne za su kai ƙarshe, saura su yi shiru. Na tsakiya ake nema, wanda sabon shiga zai iya warwarewa da dogon kod a yini ɗaya, gwani kuma ya yi mako yana aske shi. Fitar da gajeriyar jimla yana da kyau. Mayar da ƙananan haruffa manya yana da kyau, tunda bambancinsu 32 ne a ASCII. Haɗa lambobi biyu ma haka, don sai mutum ya gane cewa harafin 0 lambarsa 48 ce ba sifili ba.

Idan aikin yana karɓar rubutu, kada ka nuna duk gwaje-gwajen da za ka yi. Idan ka ce misali 3 da 4 su ba da 7, kuma da shi kaɗai kake gwaji, wani zai turo kod da ba ya karanta komai, 7 kawai yake fitarwa. A wannan wasa ba a kiran hakan sata, gazawar mai shirya gasa ce. Ka nuna misali biyu, ka ɓoye wasu, ka kuma tabbata a cikin na ɓoyen akwai na bakin iyaka: rubutu mai harafi ɗaya, da wanda babu komai a cikinsa. Sai dai ka faɗi irin abin da za a iya shigarwa, kada ka yi wa mutane kwanton ɓauna da abin da ba ka ambata ba. Ka kuma fayyace ko ana yafe sabon layi a ƙarshen amsa ko ba a yafewa.

Wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa: haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin ASCII. A tsarin UTF-8 da wayoyinmu ke amfani da shi, ƙ bayit biyu ne, 198 da 153, ɗ kuma 201 da 151. BF bayit ɗaya-ɗaya yake gani. Idan ka ba kod ɗin juya kalma "ƙasa", zai juya har da bayit biyun nan, abin da zai fito a ƙarshe ba harafi ba ne, shara ce. Ko dai ka ce babu masu lanƙwasa a gwaji, ko kuma ka mayar da hakan ya zama shi ne ainihin aikin a zagaye na gaba, ga waɗanda suka ƙware.

Ƙirga maki da karɓar amsa

A manyan shafukan wannan wasa, bayit ɗin fayil gaba ɗaya ake ƙirgawa. Ga masu rubutu a waya ban ga amfanin hakan ba. Kibod yana saka tazara bayan ɗigo ba tare da ka sani ba, bai kamata mutum ya faɗi saboda wannan ba. Ka ƙirga alamomi takwas ɗin kawai, wato tsawon `kod` bayan layin farko na tafinta ya tace shi.

Waya tana da wasu mugayen halaye kuma. A iPhone, idan ka danna `-` sau biyu a jere, kibod yakan haɗe su ya mayar da su dogon layi ɗaya. BF bai san dogon layi ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, tsallake shi zai yi kawai, ka rasa dalilin da kod ɗinka ya haukace. WhatsApp shi ma idan layi ya fara da `>` da tazara, yana mayar da shi ambato. Mafita ita ce a turo amsa a fayil, ko a kewaye ta da alamar nan mai kama da waƙafi a sama guda uku a farko da ƙarshe. Wanda kuma yake son rubuta bayani a cikin kod ɗinsa, ya guji ɗigo da waƙafi, don su umarni ne.

Amsa ta sirri ake turo wa alƙali, ba cikin zaure ba. Abin da kowa zai gani shi ne suna da tsawo: wane 51, wance 48. Wannan allon shi ne gishirin gasar. Ka kwanta kana alfahari da 51, ka tashi ka ga wata ta kafa 48, ka san tabbas akwai hanya, amma ba ka san ta ba. Haka shafin Anarchy Golf na Japan ya daɗe yana yi, ana ganin tsawo, sai wa'adi ya cika a buɗe kod ɗin kowa. Ranar buɗewar ita ce ranar karatu na gaske, kada ka tsallake ta. Idan an yi kunnen doki, wanda ya riga turowa shi ya ci, kuma ka faɗi haka tun farko. Mako ɗaya ya isa wa'adi, saboda wanda wutar unguwarsu ta ɗauke kwana biyu shi ma ya samu ya taɓa.

Alƙali yana ganin amsar kowa, don haka bai kamata ya shiga gasa ba. Idan ka matsu sai ka shiga, akwai hanya. Ka rubuta amsarka kafin a fara, ka fitar da hatiminta na SHA-256 da umarnin `sha256sum` a Termux, ka kafa hatimin a zaure. Ranar buɗewa kowa zai iya tabbatar da cewa ba ka canza komai ba. Amma ka cusa wata doguwar kalmar sirri a cikin fayil ɗin, wadda ba ta da ko ɗaya daga alamomi takwas. Dalili kuwa, kod mai alama 10 hanyoyin jera shi 1,073,741,824 ne kawai, mai kwamfuta zai iya gwada su duka har ya dace da hatiminka.

A bar inji ya nema?

Wannan lissafin ya kawo mu ga tambayar da za a yi maka tabbas: ya halatta mutum ya rubuta wata manhaja ta nemo masa amsa, ko ya tambayi ChatGPT? Ra'ayina a bari. Na farko, ba ka da hanyar kama wanda ya yi. Na biyu, abin yana da asali a wannan fage. Yaren Malbolge da Ben Olmstead ya fitar a 1998 an gina shi ne don ya gagari ɗan Adam, kuma sai bayan shekara biyu aka sami kod na farko mai aiki a cikinsa, wanda ba hannu ne ya rubuta ba, wata manhajar bincike ce da Andrew Cooke ya tsara ta lalubo shi. Wanda ya iya rubuta manhajar da za ta binciko masa gajeren BF ya koyi abin da ya fi gasar daraja. Game da ChatGPT da 'yan uwansa kuwa, a gwajin da na yi sun fi ba ni kod mai kama da daidai wanda ke fitar da wani harafi daban, saboda aikin na ƙirga ne ɗaya bayan ɗaya. Tafinta zai tace.

Kada kuma ka yi wa mutane alƙawarin cewa ka san amsa mafi gajarta. Tsawon kod mafi gajarta da zai fitar da wani rubutu shi ne abin da masana ke dangantawa da sunan Andrey Kolmogorov, masanin lissafi na Rasha, kuma an tabbatar babu wata manhaja da za ta iya lissafa shi ga kowane rubutu. Ga ɗan ƙaramin aiki ana iya gwada duk hanyoyi, amma da tsawo ya kai alama arba'in abin ya fi ƙarfin kowace kwamfuta. Wanda ya ci gasa shi ne wanda ba a doke shi ba kafin wa'adi, ba wai an rufe ƙofa ba ne.

Ga tawa amsar ta Sannu a haɗe, a kan ƙa'idar tafintan da ke sama:

`-[--->+<]>--.[->-----<]>.+++++++++++++..+++++++.`

Alama 48. Kusan rabinsu, 23, suna wutsiya ne, daga a zuwa n zuwa u, inda har yanzu da hannu nake ƙara ɗaya-ɗaya. Na gwada rage biyu daga 97 in raba da uku a kan mita mai juyawa, wanda ke ba da 117 daidai, in zuba shi a gurbi biyu, ɗaya na u ɗaya kuma in sauko da shi zuwa n. Ya yi aiki, amma wutsiyar ta koma 25. Mai son doke ni, daga nan zai fara.